Yadda ake gano abin da ke fito da saƙon kuskure duk lokacin da za a kashe kwamfuta

Bayan sallar isha'i wani dattijo maƙwabcinmu a nan Makka, wajen Shari'ul Mansur, ya shigo mini da laftof a hammata. Aikinsa kula da takardun baƙin umara, don haka cikinta cike take da kwafin fasfo da jerin sunaye da lissafin masauki. Ya ajiye ta a gabana ya ce, "Yaro, duba mini wannan. Kullum zan kashe ta sai ta fito da wani rubutu, sai na danna sannan ta mutu. Na kai mahal sun ce sai an yi mata format."

Na ce, "Baba, me rubutun yake cewa?"

Ya ce, "Wa ya tsaya karantawa? Ni dai dannawa nake yi."

Wata uku ke nan yana dannawa. Abin da ya dame ni shi ne, saura kaɗan a goge masa aikin shekaru saboda rubutun da ba wanda ya tsaya ya karanta, alhali a mafi yawan lokuta sunan mai laifin yana cikin rubutun nan. Format, ko farmata kamar yadda ake cewa a shagunan gyara na nan, wato goge komai a sake girka Windows, magani ne na ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai hanya mai tsawo, kuma kusan duk matakanta mutum zai iya bi da kansa a ɗaki. Abin da zan bayyana ya shafi Windows 10 da Windows 11.

Me ke faruwa idan ka ce ta mutu

Ka ɗauki mai shago da zai rufe da dare. Sai ya sallami masu saye, sannan ma'aikata su tattara, sannan a kashe na'urar sanyi da fitilu, sannan a ja ƙofa. Haka Windows take yi. Tana fara sanar da kowace manhajar da ke buɗe cewa ta tattara ta fita. Daga nan ta rufe zaman mai amfani, ta tsayar da ƙananan ayyukan da ke gudana a bayan fage, sannan ta umarci direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa katin hoto da katin intanet da firinta da sauransu, su kwantar da na'urorinsu. Sai an gama duk wannan wuta ke yankewa. Idan ɗaya daga cikinsu ya ƙi fita, ko ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, shi ne kake ganin saƙon. Aikinmu duka shi ne mu gano wane ne.

Abu biyu kafin a taɓa komai. Na farko, ka kwafe muhimman fayilolinka a filasha ko wani rumbu na waje. Ɗalibin da ke rubuta risala, wato kundin digiri, kada ka tsallake wannan ko da kana gaggawa. Na biyu, kwamfutocin da ke hannun mutanenmu a nan wasu Windows ɗinsu da Larabci take, wasu da Turanci. Shi ya sa zan riƙa ba da gajerun umarni da ake rubutawa, domin su ba sa canzawa da harshe. Kana danna maɓallin Windows tare da R, wani ƙaramin akwati zai fito, a ciki ake rubuta su. Ka tabbata allon rubutunka yana kan Turanci. Idan haruffan Larabci ke fitowa, danna maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara, ko Alt da Shift, ya juya.

Matakin farko: kama saƙon

Ka kashe kwamfutar da waya a hannu. Saƙon na fitowa ka ɗauki hotonsa. Idan walƙiya yake yi ya ɓace, ɗauki bidiyo, daga baya ka tsayar da shi a daidai wurin. Ka lura da saman akwatin musamman, domin a can sunan manhajar yake, galibi yana ƙarewa da .exe, kuma ko Windows ɗin Larabci ce wannan sunan da haruffan boko yake fitowa.

Saƙon yakan zo da fuskoki kaɗan. Akwai wanda ke cika allo yana cewa "This app is preventing shutdown", da sunan manhaja a ƙasa, wani lokaci kuma sunan da za ka gani shi ne Task Host Window. Wannan shi ne mafi sauƙi: wani ne bai gama tattarawa ba. Akwai ƙaramin akwati mai dogayen lambobi da ke farawa da 0x, yana ƙarewa da "The memory could not be read" ko "written". Wannan yana tsorata mutane su zaci ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ya lalace, alhali yawanci manhaja ce ta miƙa hannu wurin da aka riga aka kwashe yayin rufewa. Akwai mai ɗauke da taken DDE Server Window, wanda ke yawan haɗuwa da explorer.exe, manhajar da ke nuna maka fayiloli da fuskar Windows. Sai kuma shuɗin allo, wanda a sababbin sigogin Windows 11 ya koma baƙi, mai ɗauke da sunan kuskure a ƙasa. Shi wannan na ƙarshe yawanci maganar direba ce, zan zo kansa.

Na Baba na biyun ne, kuma sunan da ke samansa ba na Windows ba ne. Tun daga nan na ji sanyi a raina.

Mataki na biyu: gwaje-gwajen da ba sa cin komai

Cire duk abin da ke maƙale da kwamfutar: filasha, firinta, sikana, wayar caji ta hannu, ɗan ƙaramin abin da ke haɗa maus maras waya. Rufe kowace manhaja da hannunka, har waɗanda ke ɓuya kusa da agogo a ƙasan allo. Sannan ka kashe. Idan ta mutu lafiya, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa bayan kowanne, har saƙon ya dawo. Wanda ka mayar na ƙarshe shi ne.

Idan saƙon bai tafi ba, ga gwaji na gaba: riƙe Shift ka danna Shut down, wato ikafut tashgil a ta Larabci, kada ka saki sai allo ya yi duhu. Dalilin wannan yana da muhimmanci. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, kashewar da muka saba ba cikakkiyar mutuwa ba ce. Akwai wani tsari mai suna Fast Startup da ke rufe manhajojinka, amma ya naɗe zuciyar Windows da direbobinta ya ajiye a wani fayil mai suna hiberfil.sys, don gobe ta tashi da sauri. Wato idan wani direba ya rikice yau, da rikicinsa za a naɗe shi, da shi kuma za a warware shi gobe. Kana iya gani da idonka: danna Ctrl da Shift da Esc, shiga sashen Performance, duba Up time a ƙarƙashin CPU. Za ka tarar tana ƙirga kwanaki da yawa alhali kullum kana kashe ta. Riƙe Shift yana sa ta mutu gaba ɗaya. Haka ma Restart, shi kullum cikakke ne, shi ya sa wasu ke cewa "in na sake kunna ta ba ta yi, sai in na kashe."

Idan da Shift ta mutu ba saƙo, to ka kashe wannan tsarin. Rubuta powercfg.cpl a akwatin nan, zaɓi "Choose what the power buttons do", danna "Change settings that are currently unavailable" da ke sama, cire alamar da ke gaban "Turn on fast startup", ka adana. Kwamfuta mai rumbun SSD ba za ka ma ji bambancin tashi sosai ba. Ni a ra'ayina, wanda ke kashe kwamfutarsa kullum da dare ya fi samun kwanciyar hankali idan wannan tsarin a kashe yake.

Mataki na uku: tambayi kwamfutar da kanta

Windows tana da littafin da take rubuta duk abin da ya same ta. Hanya mafi sauƙi ta karanta shi ita ce ka rubuta perfmon /rel. Wani jadawali zai fito, kowace rana da gurbinta, ranar da wani abu ya faɗi za ka ga jan da'ira. Danna ranar, a ƙasa za ka ga sunan abin da ya faɗi da lokacinsa. Abin da na fi so a wannan jadawalin shi ne yana nuna abin da aka girka da abin da aka sabunta. Ka koma baya zuwa ranar da jan ya fara bayyana, ka duba me ya shigo a ranar ko kwana ɗaya kafin ta. Sau da yawa a nan bincike ke ƙarewa.

Idan kana son zurfi, rubuta eventvwr.msc. Buɗe Windows Logs, shiga Application, nemi kuskure mai lamba 1000 wanda lokacinsa ya yi daidai da lokacin da ka kashe. A cikinsa akwai layi biyu masu daraja: "Faulting application name", wato manhajar da ta faɗi, da "Faulting module name", wato ɓangaren da ya kayar da ita. Na biyun ya fi faɗin gaskiya. Sau tari za ka ga explorer.exe ce ta faɗi, amma wanda ya kayar da ita wani fayil ne mai ƙarewa da .dll na wata manhaja da ta lafe a jikinta. Ka duba hanyar fayil ɗin da aka rubuta a ƙasa, sunan babban fayil ɗin da yake ciki zai gaya maka ta wa ce. Lamba 1002 kuma tana nufin manhaja ta sandare. A sashen System, 1074 yana nuna wanda ya nemi a kashe, 6006 yana nuna an rufe lafiya, 6008 da 41 kuma suna nuna wuta ta yanke mata ba shiri.

Gargaɗi ɗaya: wannan littafin ko a lafiyayyiyar kwamfuta cike yake da ja da rawaya. Kada ka firgita ka ce komai ya lalace. Abin da ya faru a mintin da ka kashe kaɗai ne ya shafe ka.

Mataki na huɗu: tayar da ita ba kowa

Idan har yanzu ba ka samu suna ba, sai a kori kowa a riƙa shigo da su da kaɗan-kaɗan. Rubuta msconfig, shiga Services. Kafin ka taɓa komai, sa alama a "Hide all Microsoft services". Ina roƙonka kada ka manta da wannan, domin idan ka kashe ayyukan Windows na asali kana iya rasa intanet, har ma lambar sirrinka ta shiga ta ƙi aiki. Bayan ka ɓoye su, danna "Disable all". Sannan ka buɗe Task Manager da Ctrl da Shift da Esc, shiga Startup, ɗauki hoton jerin da wayarka don ka tuna yadda yake, ka kashe su duka. Sake kunna kwamfutar, yi aiki da ita na ɗan lokaci, sannan ka kashe.

Idan saƙon ya ɓace, mai laifin yana cikin waɗanda ka kora. Kada ka mayar da su ɗaya-ɗaya, za ka kwana kana yi. Mayar da rabi. Idan saƙon ya dawo, yana cikin wannan rabin, idan bai dawo ba yana cikin ɗaya rabin. Sake raba rabin da ake zargi gida biyu, ka maimaita. Da wannan dabarar, ko su 32 ne, zagaye biyar ya isa ka tsaya a kan guda ɗaya. Ka riƙa rubutawa a takarda wanda ka kunna a kowane zagaye, domin bayan na uku kai yakan ɗaure. Idan ka gama, ka mayar da sauran yadda suke, musamman manhajar tsaro.

A kwamfutar Baba ba mu kai zagaye na biyar ba. Wata ƙaramar manhaja ce ta tsohuwar sikanar da yake ɗaukar hoton fasfo da ita. Sikanar ta lalace tun bara, ya sayi wata, amma manhajar tsohuwar tana nan tana tashi kullum tana neman na'urar da ba ta nan, lokacin rufewa kuma ta faɗi. Muka cire ta, muka kashe kwamfutar sau uku a jere, shiru. Ya ce, "Shi ke nan? Wannan ɗan abin?" Na ce, "Shi ke nan, Baba." Bai rasa ko fayil ɗaya ba.

Idan ka gano taka, zaɓi uku ne. Wadda ba ka buƙata, cire ta ta hanyar appwiz.cpl. Wadda kake buƙata, cire ta ka sauko da sabuwar siga daga shafin kamfanin da ya yi ta. Wadda ba ta da sabuwar siga, hana ta tashi da kanta, ka riƙa buɗe ta lokacin aiki kana rufe ta kafin ka kashe. Waɗanda na fi kamawa a hannun mutanenmu su ne manhajojin firinta da sikana, manhajojin VPN da aka girka aka manta, manhajar tsaro biyu a kwamfuta ɗaya suna ture juna, da kuma manhajojin da aka fasa aka girka a shago kyauta. Waɗannan na ƙarshen ba kuskure kaɗai suke kawowa ba, wani lokaci da ɓarawo suke shigowa.

Mataki na biyar: idan matsalar a jikin Windows take

Saƙon da bai tafi ba ko bayan an kori kowa yana nuna cikin gida ne. Rubuta cmd a akwatin, maimakon Enter kaɗai ka danna Ctrl da Shift da Enter don ya buɗe da ikon mai gida. A baƙin allon da ya fito, da intanet a haɗe, rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Zai iya tsayawa a wata lamba kamar ya mutu. Bar shi, je ka yi salla ka dawo. Idan ya gama, rubuta:

sfc /scannow

Na farkon yana gyara ma'ajiyar da Windows ke ɗebo lafiyayyun fayiloli, na biyun yana maye gurbin waɗanda suka lalace daga wannan ma'ajiyar, shi ya sa ake fara wancan. Daga nan ka shiga Windows Update ka bar duk abin da ke jira ya kammala. Saƙon Task Host Window sau da yawa sabuntawa ce ta maƙale a tsakiya, tana gamawa yake ɓacewa. Mai Windows 10 kuma ya sani Microsoft ta daina ba ta tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka idan na'urarka za ta ɗauki Windows 11, lokacin ƙaura ya yi.

Idan shuɗin allo ne, ko tana sake tashi maimakon ta mutu

Wasu kan ce mini, "Ina kashe ta sai ta kunna kanta." Sau da yawa faɗuwa take yi a tsakiyar rufewa, ta sake tashi da sauri kafin ka ga kuskuren. Rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, danna Settings a ƙarƙashin Startup and Recovery, cire alamar "Automatically restart". Yanzu allon zai tsaya ka karanta. Wanda aka fi gani lokacin kashewa shi ne DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, ma'anarsa an ce wa wani direba ya kwantar da na'urarsa ya ƙi amsawa. Idan an rubuta sunan fayil mai ƙarewa da .sys, ka samu wanda ake nema.

Rubuta devmgmt.msc. Fara da katin hoto da katin intanet maras waya da Bluetooth, su ne suka fi yin haka. Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, buɗe na'urar, shiga Driver, danna "Roll Back Driver" ya koma na da. Idan kuma direban tsoho ne, je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ko Dell ko Lenovo ko wanne ne, rubuta lambar samfurin da ke manne a ƙasanta, ka sauko da nasu. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, ka nisance su.

Sai jikin na'urar. Rubuta mdsched.exe don gwada ram, zai sake kunna kwamfutar ya yi gwajin. A baƙin allon cmd ɗin nan kuma chkdsk C: /scan zai duba rumbun ajiya. Alamar da ke sa ni zargin jiki ita ce kuskuren ya riƙa canza suna: yau wannan manhaja, gobe waccan, jibi shuɗin allo. Ga kuma zafin garin nan da ƙurarsa. Laftof ɗin da ake ɗorawa a kan kafet ko katifa ana aiki, hancinta a toshe, fankarta na kuka, tana iya fitar da kurakuran da ba su da kan gado. Ɗora ta a kan abu mai tauri, ka sa a buɗe a share fankar. Wanda ya taɓa barin laftof a mota da rana a Makka ko Madina ya san yadda take fitowa kamar an ciro ta daga tanda. Ka bari ta huce kafin ka kunna.

Abin da ba na so ka yi

Za ka ga masu ba da shawarar a shiga rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta na ciki, a kunna AutoEndTasks, ko a rage lokacin da take jiran manhajoji. Saƙon zai ɓace, gaskiya ne. Amma abin da ka yi shi ne ka ba ta izinin shaƙe kowace manhaja ba tambaya, har da Word ɗin da ke riƙe da babin da ba ka adana ba. Haka danna "Shut down anyway" kullum, haka riƙe maɓallin wuta har ta mutu. Riƙe maɓalli na ranar da ta sandare ne gaba ɗaya. Idan ya zama ɗabi'a, wata rana zai same ta tana tsakiyar rubutu a rumbu, fayil ya lalace, ƙaramar matsala ta zama babba.

Idan duk an bi ba a dace ba

Buɗe sabon asusun mai amfani a kwamfutar, shiga da shi, kashe daga can. Idan ba saƙo, tsohon asusunka ne ya rikice, sai ka kwashe fayilolinka zuwa sabon. Idan ka tuna lokacin da abin ya fara, rubuta rstrui ka mayar da Windows zuwa wata rana kafin nan, wannan ba ya taɓa takardunka da hotunanka, amma manhajojin da ka girka bayan ranar za su tafi. Bayan wannan sai "Reset this PC" tare da zaɓin "Keep my files", wanda ke sake gina Windows ya bar fayilolinka, ya cire manhajoji.

Idan ya zama dole a kai mahal, wato shagon gyara, ka tafi da hoton saƙon, da sunan da ka samu a littafin nan, da bayanin abin da ka riga ka gwada. Idan shuɗin allo ne, gaya wa mai gyara ya duba fayilolin da ke cikin C:\Windows\Minidump, a can Windows ke ajiye bayanin faɗuwar. Kuma kafin kowa ya taɓa BIOS, wato saitin da ke tayar da na'urar kafin Windows, ko ya cire rumbu, ka duba ko rumbunka a kulle yake da BitLocker, domin sababbin laftof da yawa haka suke zuwa ba tare da mai su ya sani ba. Makullinsa lamba 48 ce, galibi tana cikin asusunka na Microsoft. Ka buɗe asusun ta waya, ka kwafe ta a takarda, ka sa a aljihu kafin ka fita daga gida.